Rasuwar Zauren Masu Gyara, da Moton Gwaggo a Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gyaran fanka da moto (injin da yake juya na'urar lantarki) na shago na uku in an shigo layin masu walda, wanda 'yan'uwa suka fi sani da Sannu-Sannu, yake sanar da rasuwar ubangidansa kuma makarantarsa, Zauren Masu Gyara, dandalin nan na intanet inda masu gyaran kayan lantarki suke haɗuwa su tambayi juna. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha huɗu. Babu kowa a kansa. Shi kansa mai sanarwar sai da ya gama sharar shago, ya zauna a benci, ya danna salularsa don ya leƙa kamar kullum, sannan ya tarar da farin shafi fayau da layi ɗaya a tsakiya: "Mun koma sabon gida, danna nan."

Mai sanarwa ya san Zaure ba mai rai ba ne, don haka ba zai ɗauko kalmomin da ake yi wa bayin Allah ya ɗora masa ba. Roƙonsa kawai a bar shi ya faɗi alherin marigayin, tunda ya duba ya ga babu wanda ya yi niyyar faɗa. A kuma yi haƙuri da rubutunsa. A aji huɗu ya tsaya, kuma ɗan abin da ya ƙaru da shi bayan nan a wurin marigayin ya samo.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, wannan kowa ya sani. Launin toka ne da ɗan kore a gefe, rubutunsa ƙanana, kuma kafin ya buɗe mutum zai iya tashi ya sha ruwa ya dawo. Amma yana da haƙuri, kuma bai taɓa tambayar kowa takardar makaranta ba. Duk wanda ya shigo da tambaya, ɗaki guda ake buɗe masa, sunan matsalarsa a bakin ƙofa, kuma ɗakin nan yana nan ko bayan shekara goma. Yana da wata ɗabi'a da baƙi suke gani kamar ɓata lokaci: ba a ba mutum amsa gaba ɗaya. Mataki ɗaya ake ba ka, ka je ka yi, ka dawo da hoto ko da labarin abin da ka gani, sannan a ba ka na gaba. Ta haka ne mai amsa yake ganin injin da idon mai tambaya, ta haka ne kuma mai tambaya yake tashi da sana'a a hannunsa. Gyaran da ake gamawa a yini ɗaya yakan ɗauki kwana huɗu, amma wanda ya yi shi ba ya sake tambayar irinsa.

Muryarsa 'yar ƙarama ce. Idan an amsa maka, sai salula ta ce "ƙil", sau ɗaya tak. Mai sanarwa yana iya jin ƙil ɗin nan ko mai walda na kusa da shi ya kunna injin yanka ƙarfe.

Shekara bakwai ke nan da ya fara shiga, da tambaya a kan wata fanka mai gurnani da ba ta juyawa. Rabin awa ya yi yana rubuta layi uku. Amsar farko daga wani mai saurin hawa ta zo, wanda ake kira Fiyus: "Malam, kai ka rubuta wannan ko kaza ce ta bi ta kan salular?" Kafin ya gama jin kunya sai ga Anti Mita, mace ɗaya tilo a cikin manyan Zaure, wadda ba ta yarda da maganar kowa sai ya auna: "Fiyus, rabu da ƙanena. Kai da ka ƙona talabijin ɗin surukarka, har kana da bakin magana?" Sai kuma ga wani dattijo da kowa yake kira Baba Dalma: "Ɗana, kashe wuta tukuna. Ka kashe? To juya fukafukan da yatsa, ka dawo ka gaya mini ko suna tafiya sumul." Awa guda ya ɗauka kafin ya dawo da amsa. Fiyus ya rubuta: "Sannu-Sannu ya iso, a ba shi wuri." Sunan ya bi shi har shago, har gida. Bai taɓa jin haushinsa ba, don a ɗakin nan ne aka fara yi masa magana kamar mai sana'a.

Daga wannan fankar, Baba Dalma ya koya masa karanta mita, da gane warin koyil, wato naɗin waya, idan ya ƙone, da yadda ake naɗa jar waya a cikin moto ba tare da an kankare fatarta ba. Babu wanda ya san sunan Baba na gaskiya, ko garinsu, ko lambarsa. A hotunan da yake turowa hannunsa kawai ake gani, da tabon ƙuna a babban yatsa, wani lokaci da jelar kyanwa a gefen tebur. Idan aka gode masa sai ya ce: "Gode wa wanda ya jira ka. Ni zama nake yi." Babu wanda ya taɓa tunanin neman lambarsa, don me za a nema, ga shi nan kullum a Zaure?

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne shekara uku da suka wuce, lokacin da aka buɗe wani sabon shafin tambaya da amsa. Mai sanarwa ba zai kama sunansa ba. Shafi ne mai sheƙi, yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. A can tambaya ɗaya, amsa ɗaya, sai a yi ƙuri'a, wanda amsarsa ta hau sama a ba shi maki, maki ya taru a liƙa masa tauraro a gefen suna. Ba a gaisuwa a can, an ce ɓata wuri ce. Ba a cewa "na gode", akwai maɓallin da ake dannawa.

Da farko 'yan Zaure dariya suke yi. Fiyus ne ma ya fi kowa: "Ni in je in yi layi ana ba ni tauraro kamar ɗan firamare? Allah ya sawwaƙe." Bayan wata biyu aka daina ganinsa da safe. Bayan wata shida sai ranar Lahadi. Daga nan shiru. Haka suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda ya yi sallama. Ƙil ɗin da ake ji sau ashirin a yini ya koma sau biyu, wani lokaci ka ruga ka duba ka tarar mai tallan maganin basir ne ya shigo ɗakin injin wanki. Anti Mita ta dage na wani lokaci, tana share tallan tana faɗa, har ita ma ta koma leƙowa sau ɗaya a wata. Baba Dalma dai bai motsa ba. Ko mutum ɗaya ne ya shigo, zai same shi.

A nan ne dole a ambaci Mai Makulli, wanda ya kafa Zauren kuma yake riƙe da shi. Bara, da Anti Mita ta tambaye shi a gaban kowa ko shi ma tafiya zai yi, ga abin da ya rubuta, kuma mai sanarwa ya haddace shi: "Haba Anti. Muddin ina numfashi, ƙofar nan ba za ta rufe ba. Kowa ya kwantar da hankalinsa." Mai sanarwa ya kwantar da nasa. Yana sanar da jama'a cewa Mai Makulli yana nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, yana numfashi, kuma taurarinsa a sabon gida sun kai biyar.

Da a ce rashin Zaure ne kawai, da Sannu-Sannu ya haɗiye ya yi shiru, don shi ba mai yawan magana ba ne. Amma akwai moton Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, kuma da keken ɗinki ta riƙe shi. Tsohon keke ne mai amfani da wuta, irin mai nauyin nan da mutum biyu suke ɗagawa, kuma da shi take ɗinka kayan makaranta. Saura mako uku a koma makaranta, yadi ya cika mata ɗaki har kan gado, sai moton keken ya yi hayaƙi ya tsaya. An zaga kasuwa, babu irinsa, an daina yi tun tuni. Wani mai gyara ya ce ta jefar. Sannu-Sannu ne ya ce ta kawo, ya ce mata suna da Baba, kuma ya faɗa da bakinsa cewa kwana biyar ya ishe shi. Ta naɗe moton a tsohon zani ta miƙa masa da hannu biyu, ba ta tambaye shi komai ba.

Ya buɗe ɗaki a Zaure ranar Alhamis. Ko minti goma ba a yi ba, ƙil. "Ɗana, wannan tsohon abokina ne, na naɗa irinsa sun fi talatin. Kada ka yanke komai. Buɗe shi ka ɗauki hoto ta kowane gefe, inda kowace waya ta shiga da inda ta fito." Ya ɗauka, hoto goma sha ɗaya, ya tura. Washegari: "Yanzu warware koyil ɗaya a hankali, kana ƙirga zagayen. Kada ka amsa gaisuwar kowa sai ka gama." Ya ƙirga, ya rubuta adadin a ɗakin. Haka suka bi koyil ɗin ɗaya bayan ɗaya har Lahadi, duk abin da ya ƙirga a ɗakin yake zubawa, don nan ne littafinsa. Shekara bakwai bai taɓa rubuta komai a takarda ba.

Salularsa ƙarama ce, kullum tana kukan ta cika. Ranar Lahadi ta ƙi ɗaukar sabon hoto sai an rage mata kaya. Ya duba hotunan moton, ya ce ai suna Zaure, ya goge su duka goma sha ɗaya.

Ranar Litinin da la'asar marigayin ya yi ƙil ɗinsa na ƙarshe. Baba Dalma ne: "Madalla, ɗana, hannunka ya nuna. Yanzu cire tsohuwar wayar duka, ka share ramukan da take kwance a ciki tas. Gobe da safe in gaya maka ta inda za ka fara naɗi." Ya cire. Ya share ramuka ashirin da huɗu har suna ƙyalli, ya zuba ƙonanniyar wayar a buhun mai tara ƙarafa, ya sayo sabuwa ya ajiye a gefe. Gobe da safen nan ita ce Talatar da aka ambata a sama.

Yanzu moton yana kan tebur, cikinsa wayam. Ramukan suna nan, yana ganinsu. Amma wace waya ce take shiga wane rami, ta tsallake nawa, ta zagaya sau nawa, duk wannan ya tafi tare da marigayin. Ya rufe ido ya yi ta ƙoƙarin tunawa, abin da yake gani kawai launin toka da ɗan kore.

Ya danna inda aka ce a danna. Ya shiga sabon gida, ya yi rajista, ya yi sallama, ya gaida manya, ya zayyana abin da ya faru tun daga hayaƙin, ya roƙi duk wanda ya san Baba Dalma ya taimaka. Awa ɗaya da rabi ya yi yana rubutu. A cikin minti goma sha ɗaya aka rufe tambayar. Wani ya goge sallamar da gaisuwar, wani ya gyara masa kalmomi bakwai, sannan mutum uku suka yi ƙuri'a cewa an taɓa yin irin tambayar. Sunayen masu ƙuri'ar suna nan a jere a ƙasa. Na biyu Fiyus ne, da tauraro uku a gefensa. Ko zolayar da ya saba bai yi ba. Sannu-Sannu ya daɗe yana kallon sunan, yana jira ko zai ce kaza ta sake bi ta kan salula, don ya ji sanyi a ransa. Bai ce ba.

Aka nuna masa tsohuwar amsar da aka ce ta ishe shi. A kan moton injin niƙa take, wanda ko kama da na Gwaggo bai yi ba. Amma da ya karanta layin farko sai ya gane maganar. Ta Baba Dalma ce, kalma da kalma, wadda ya yi wa wani bawan Allah shekara biyar da suka wuce. An cire "ɗana", an cire "ka dawo ka gaya mini", an haɗe matakai shida wuri guda. Sunan da yake ƙasa na Mai Makulli ne, da ƙuri'a ɗari biyu da wani abu. Ya bi sauran amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga goma sha tara da ya gane, daga nan ya ajiye salular ya fita ya tsaya a bakin shago.

Ya aika wa Mai Makulli saƙo cikin ladabi, ya kira shi yaya, ya roƙi hotuna goma sha ɗaya kawai da lambar Baba idan akwai. Amsar ta zo bayan kwana biyu. Wai an liƙa sanarwar rufewa a shafin farko tun wata biyu, wai an goge komai, wai zamani ya wuce wurin, a yi haƙuri a ci gaba. Mai sanarwa ba zai ƙaryata shi ba, mai yiwuwa an liƙa. Shi dai bai taɓa bi ta shafin farko ba, ƙil ne yake kai shi ɗakinsa kai tsaye, kuma yana kyautata zaton Baba ma haka ne. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne wannan: ranar Lahadi Mai Makulli ya shigo ɗakin moton Gwaggo. Ya ga hotunan, ya ga aikin yana tsakiya, har ya danna alamar babban yatsa. Ya san saura kwana biyu. Layi ɗaya ya isa, ya ce Sannu-Sannu, kwashe kayanka. Yatsa ya ɗaga ya fita.

Marigayin ya bar Baba Dalma, wanda yake wani wuri a duniyar nan, wataƙila shi ma yana danna salula yana ganin farin shafi, da matakin gaba a bakinsa babu wanda zai gaya wa. Ya bar Anti Mita, wadda ba a samu ta a sabon gida ba, kuma mai sanarwa ya ji daɗin hakan. Ya bar ɗakuna sama da dubu tara, da fankoki da firji da injinan ruwa masu yawa da suke aiki yau a gidajen mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Ya bar Fiyus da sauran 'ya'yan da suka ci suka tashi, waɗanda ba a sa ran za su ji wannan rashi. Ya kuma bar Gwaggo, wadda ba ta san shi ba, ba ta kuma san ya rasu ba.

Don gaskiyar ita ce har yau mai sanarwa bai gaya mata ba. Kwana biyar ɗin sun zama goma sha biyu. Ta aro keken ƙafa a wurin maƙwabciya tana ɗinki da shi, gwiwarta ta kumbura, tulin yadin kuma kamar ba a taɓa shi ba. Kullum da safe in ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ya aikinsu, shi kuma ya ce ana kai, ta sa masa albarka. Albarkar nan ta fi masa komai nauyi. Yana ta faɗin waɗanda suka ga abu suka yi shiru, ga shi shi ma ya shiga layinsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe, a shago na uku, layin masu walda. Ba a ba da gawa ba, don haka moton Gwaggo za a shimfiɗa a kan tebur a madadinta, a buɗe, kowa ya gani. Mai walda ya yi alkawarin ba zai kunna inji ba har a tashi, ya kuma ba da aron benci biyu. Akwai shayi.

Ba a buƙatar kowa ya zo da komai sai abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin nan tsakanin Alhamis da Litinin, ya duba cikin salularsa ko kwamfutarsa, wani lokaci hoto yakan maƙale ba tare da mai ita ya sani ba. Ko ɗaya ne, ko mai duhu ne, a kawo. Wanda yake nesa ya turo ta lambar da take ƙasan takardar nan. Wanda ya san wani dattijo mai naɗin moto, da tabon ƙuna a babban yatsa da kyanwa a shago, don Allah ya karanta masa wannan sanarwar. An ajiye wa Mai Makulli wuri a benci na gaba. Babu wanda zai zage shi, mai sanarwa ya ɗauki wannan a wuyansa. Abin da ake roƙonsa kawai, ya sake duba kwamfutarsa kafin ya taho.

Za a jira har azahar. Idan ta yi babu hoto babu labari, za a rufe zaman. Sannu-Sannu zai tattara moton da murfinsa da kusoshinsa, ya ɗauka ya kai wa Gwaggo da ƙafarsa, ya durƙusa ya gaya mata cewa shi ya goge hotunan, shi ya cire wayar, kuma kwana goma sha biyu yana gaya mata abin da ba haka ba ne. Ba zai ambaci Zaure ba, ba zai ambaci Mai Makulli ba, don ba su ta miƙa wa ba.

Yana roƙon mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka zo ya raka shi. Ba sai ya ce komai ba. Ya tsaya a bakin ƙofa kawai har ya fito.